Amsa Kan Raƙumin Takarda na Taron Bita

Malama, kin tambayi yadda za ki tsara raƙumin takarda da ɗalibanki za su ƙera a taron bita a Sakkwato. Ki fara ɗaure ƙirarsa da waya, domin dogon wuya da siraran ƙafafu ba sa tsayuwa da takarda kaɗai. A yayyaga tsofaffin jaridu da hannu, domin bakin yagaggiya ya fi kwanciya, sannan a tsoma su cikin dafaffen sitacin rogo, wanda ni na fi yarda da shi a kan fulawa. Kowane liƙi ya bushe sarai a inuwa kafin a ɗora wani, saboda zafin ranarmu yana lanƙwasa aikin. Fenti kuwa sai ranar ƙarshe.