Me ya sa Wi-Fi ɗin allon da na zana ba ya zuwa nesa?

Tambaya: Na zana allon lantarki mai hawa biyu, na ɗora guntun ESP32 (ƙaramar na'urar sarrafawa mai Wi-Fi a cikinta), eriyar kuma a jikin allon na zana ta. Kusa da rauta (na'urar da ke rarraba Wi-Fi) yana kamawa, amma da an ɗan matsa sai sigina ta yanke. Ina matsalar take?

Amsa: Kada ka fara zargin manhaja. Galibi laifin yana tsakanin ƙafar guntun da bakin eriya.

A mitar 2.4 GHz tsawon zango kusan santimita 12.5 ne, don haka layin jan ƙarfe mai 'yan milimita ma yana iya ɓata sigina. Dole wannan layi da ya haɗa guntu da eriya ya zama om 50 (ma'aunin turjiyar da sigina ke haɗuwa da ita a layin). A allon FR4 (kayan da aka fi yin allon lantarki da shi) mai kaurin milimita 1.6, hakan na nufin faɗin kusan milimita 3, kuma a nan masu hawa biyu ke faɗawa rami, su ja siririn layi, ƙarfin da ya kamata ya fita iska ya riƙa komawa cikin guntu. Shi ya sa na fi son hawa huɗu: shimfiɗar giraun (faffaɗan jan ƙarfen da wuta ke komawa ta cikinsa) tana nan dab da layin, faɗin ya sauko ƙasa da rabin milimita. Ka gajarta layin, kada ka yi masa kwana mai kaifi, kada kuma wani layi ya tsaga giraun ɗin da ke ƙarƙashinsa.

Ita kuwa eriya, akasin haka take so. A kai ta gefen allo, a kwashe jan ƙarfe daga ƙarƙashinta a kowane hawa, a nisanta batir da sukurori kamar milimita 15. Ka bar gurbin kafasita biyu da indakta ɗaya (ƙananan kayan lantarki da za su daidaita eriya da layin) kafin eriya, sannan ka daidaita su da na'urar VNA (mai auna ƙarfin da ke dawowa daga eriya) bayan an rufe allon a cikin akwatinsa, domin ko roba tana sauko da mitar eriya. Abin nema shi ne S11, ma'aunin ƙarfin da ke dawowa baya daga eriya, ya kai -10 dB, wato kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin yana shiga eriya.

Sai wuta. Lokacin aikawa ESP32 na fizgar kusan 240 mA, don haka a ba shi tushen 3.3 V mai iya 500 mA, da kafasita 10 µF da 0.1 µF manne da ƙafafun wuta. Idan allon yana sake kunna kansa da zarar ya fara haɗuwa da rauta, wutar za ka fara aunawa.