Fatawa: Alwala, wanka da sallar wanda aka sa wa filasta da ƙarfe a ƙafa

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni ɗan kasuwar gwari ne a Farin Gada da ke Jos, a Rikkos nake zaune. Muna sauke kwandunan tumatir na zamo daga saman mota, na karye a idon sawun dama. An yi mini tiyata, an sa ƙarfe da kusoshi, aka naɗe ƙafar da filasta daga gindin yatsu zuwa ƙasan gwiwa. Likita ya ce kada ruwa ya taɓa ta, kada kuma in taka ta. Lokacin da aka sa ba ni da alwala, ban ma san inda kaina yake ba. Wani ya ce taimama zan riƙa yi, wani ya ce duk sallolin da na yi sai na rama. Kawuna kuma ya ce a cire a kai ni wajen mai ɗori, tunda nasa ana kwancewa a yi alwala. Akwai wanda ya ce ba a binne Musulmi da ƙarfe a jikinsa. Sannan kwanakin farko a gadon asibiti ban yi salla ba. Ina mafita?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ka lafiya, ɗan'uwa, ya sa kaffara ne.

Alwalarka za ka yi kamar yadda ka saba. Idan ka iso ƙafar dama sai ka jiƙa hannu, ka yarfe ruwan, ka shafa a kan filastar. Babu taimama a kanka, babu ramuwar sallar da ka yi da wannan shafar, kuma kada ka cire filastar. Amma tunda an cika maka kunne da maganganu, bari in nuna maka inda hukuncin ya fito, don zuciyarka ta natsu.

Na san abin da yake tsorata irinku. Aya ta 6 a Suratul Ma'ida ta ce a wanke ƙafafu zuwa idon sawu, ga kuma hadisin Buhari da Muslim inda Annabi (SAW) ya ga waɗansu sun bar dugadugansu ruwa bai taɓa ba, ya yi musu gargaɗi da wuta. Kai kuwa ainihin wurin da ayar ta ambata ne ya karye. Waɗannan tudun biyu da muke kira idon sawu ƙarshen ƙasusuwan ƙwauri ne guda biyu: babban yana sauka ta ciki, siririn ta waje, su riƙe ƙashin da yake zaune a kan na diddige, a nan ƙafa take lanƙwasawa. To gargaɗin hadisin a kan mai lafiya ne da ya yi sakaci. Ita ayar kuma da kanta, kafin ta ƙare, ta ce Allah ba ya nufin ya sanya muku wani ƙunci, yana dai nufin ya tsarkake ku. Wanda ya karanta farkonta ya bar ƙarshenta shi zai takura wa mutane.

Asalin shafa a kan ɗori yana da tushe, sai dai ya kamata a faɗe shi da gaskiya. Hadisin da ake yawan kawowa cewa Sayyidina Ali ya karye a hannu aka umarce shi da shafa, wanda Ibn Majah ya ruwaito, malaman hadisi sun raunana shi ƙwarai, ba a kafa hujja da shi. Na biyu shi ne na Jabir a wajen Abu Dawud: wani mutum dutse ya fasa masa kai a tafiya, ya yi mafarki, ya tambayi abokan tafiyarsa ko yana da sauƙi, suka ce babu, ya yi wanka ya mutu. Annabi (SAW) ya yi fushi, ya ce sun kashe shi, me ya hana su tambaya tunda ba su sani ba, ai maganin rashin sani tambaya ce. Ƙarin da ke ƙarshen wannan ruwaya, mai zancen ɗaure ƙyalle a yi shafa, akwai magana a kan ingancinsa. Abin da ya fi ƙarfi shi ne aikin Abdullahi ɗan Umar, wanda Baihaƙi ya inganta: ya yi alwala hannunsa a ɗaure, ya shafa a kan ɗaurin ya wanke sauran. A kan wannan, tare da ƙiyasi a kan shafar huffi, wato safar fata, mazhabobi huɗu suka tafi. Idan an yarda mai lafiya ya shafa a kan huffi saboda cire shi wahala ne, ina ga wanda cirewar za ta lalata masa ƙafa?

Inda suka saɓa shi ne sharuɗɗa, kuma daga nan ruɗanin da aka jefa ka ya taso. Shafi'awa suna cewa a wanke lafiyayyen wuri, a shafa ɗorin, a ƙara da taimama, kuma a wajensu idan an ɗaura ba da tsarki ba akwai ramuwa. Mai yiwuwa wanda ya gaya maka haka a can ya tsinto. Mu a mazhabar Imam Malik, wadda mutanen ƙasar nan suka tashi a kanta, ba haka ba ne. Shehu Halil a Muhtasar ya jera matakan: idan an ji tsoron wanke ciwo sai a shafe shi, in ba hali a shafi abin da aka ɗora masa, in ba hali a shafi abin da aka naɗe shi da shi. Ya kuma faɗa a fili cewa hakan ya halatta ko a wanka ne, ko an ɗaura ba da tsarki ba, ko da ɗaurin ya zarce wurin ciwon saboda larura. Hanafawa ma ba su shardanta tsarki kafin ɗaurawa ba. Wannan shi na rinjayar, domin karaya ba ta yin sallama. Wa zai ce wa mutumin da aka kwaso cikin jini ya tashi ya yi alwala kafin a taɓa shi? Haɗa shafa da taimama kuwa ɗora tsarki biyu ne a kan gaɓa ɗaya ba tare da tabbataccen dalili ba.

Taimama tana shigowa ne idan ciwo ya cinye jiki har abin da ya rage kaɗan ne, ko kuma wanke lafiyayyen wurin zai cutar da mai ciwon, kamar wanda wuta ta ƙona. Kai fuskarka da hannayenka da kanka da ƙafar hagu lafiya suke.

Yadda ake shafar: sau ɗaya ne, amma ka game wurin, sama da ƙasa da gefe, ba kamar huffi ba. A alwala iyakarka inda ruwa yake kaiwa da can, wato daga yatsu zuwa saman idon sawu kaɗan. Abin da ya haura zuwa gwiwa ba ruwan alwala da shi. Yatsun da suka leƙo waje ka wanke su idan ruwa ba zai gangara ciki ba. In zai gangara, su ma ka shafa. Babu adadin kwanaki, ko wata nawa za ta yi. Kuma likitanka ya yi gaskiya, farar filastar nan idan ta sha ruwa laushi take yi ta daina riƙe ƙashi, audugar da ke ƙarƙashinta kuma ba ta bushewa, balle a sanyin Jos, sai fata ta jiƙe ta saɓule, ɗinkin tiyata ya kama mugunya. Danshin tafin hannu ba ya kai nan. In ma an hana ka ko wannan, naɗa bandeji a sama ka shafa a kansa.

Wankan janaba ma haka. Ka zauna a kan kujera, ka sa ƙafar a leda ka ɗaure bakinta, ka yi niyya ka wanke jikinka kana cuɗawa. Da ka gama, nan take ka cire ledar ka shafe filastar gaba ɗaya har ƙasan gwiwa, kada ka bari sai jiki ya bushe, saboda jerantawa wajibi ce a wajenmu. Iyalinka za ta iya kama maka. Jinin da ya bushe a ciki an yafe maka shi, domin gusar da najasa yana rataye ne da iko.

Ranar da aka canza filastar kana da alwala, ka gaggauta shafa a kan sabuwar; in an daɗe, ka sake alwalar. Ranar da aka cire gaba ɗaya aka ce ruwa ba zai cutar ba, shafa ta ƙare, ka wanke duk inda take rufe da shi.

Yanzu maganar kawu. A girmama shi, ƙauna ce ta sa shi faɗa. Ɗori kuma sana'a ce ta gado, akwai gidajen da Allah ya ba su hannu, ba na cikin masu zaginsu. Amma dalilin da ya kawo ya riga ya faɗi, tunda shari'a ba ta nemi a kwance komai ba, shi kansa ɗorin gargajiya shafawa ake yi a kan kararensa. Sannan karayar da ta shiga cikin gaɓa ba ɗaya take da ta tsakiyar ƙashi ba. Idan ƙasusuwan nan suka haɗe a karkace ko da kaɗan ne, nauyin jiki zai riƙa sauka ba daidai ba, guringuntsi ya cinye, mutum ya ƙare da ɗingishi da ciwon gaɓa. Wanda ya ga hoton ƙashin, ya buɗe ya jera shi da hannunsa, shi ya fi sanin abin da ke ciki. Cire aikinsa a tsakiya jefa kai ne cikin cuta, kuma ƙa'idar shari'a ita ce babu cuta babu cutarwa. A nan zan ƙara wani abu da ya shafi kowane ɗauri, na asibiti ko na gida: idan ciwo ya tsananta ya ƙi jin magani, ko yatsu suka yi sanyi, suka canza launi, suka mutu ba ka jin su, alama ce kumburi ya matse hanyar jini. Ba a kwana da wannan. A koma asibiti a daren, domin tsoka tana mutuwa cikin sa'o'i, kuma da yawa daga ƙafafun da ake yankewa daga nan abin yake farawa. Wanda ya ce a yi haƙuri zuwa safe bai taimake ka ba.

Salla. Imrana ɗan Husaini yana fama da basir ya tambayi Annabi (SAW), ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Buhari ya ruwaito. Shi kansa Manzon Allah ya faɗo daga kan doki, gefensa na dama ya ƙuje, ya yi salla a zaune. Abin lura shi ne kowane rukuni da hukuncinsa: abin da ka gaza shi kaɗai yake faɗuwa. Idan za ka iya tsayawa a kan ƙafar hagu kana dogare da sandunanka ba tare da tsoron faɗuwa ko taka mai ciwon ba, ka yi kabbarar harama da Fatiha a tsaye. In akwai jiri ko haɗari, zauna, babu komai. Idan za ka iya sauka ƙasa ka kai goshi, ka yi sujada ta sosai ko da ƙafar tana gefe. Farilla a wajenmu goshi ne, kafa yatsun ƙafa sunna ce, filasta ta ɗauke maka ita. Idan saukar ba za ta yiwu ba, ka zauna a kujera ka yi nuni, na sujada ya fi na ruku'u ƙasa. Kada a ɗora maka matashi ko teburi don ka kai goshi.

Ina jan hankali a nan ne saboda abin da nake gani a masallatanmu. Kujerun roba sun yawaita a sahu. Akwai masu uzuri na gaskiya, akwai kuma wanda ya tako da ƙafarsa daga kasuwa, gwiwa kawai take hana shi sujada, amma ya zauna tun daga kabbara. Wannan ya bar tsayuwar da yake da iko a kanta. Kai ma idan an cire filasta aka fara gashin ƙashi, duk rukunin da ya dawo maka ka koma masa, kada kujerar ta zama sabo. Jam'i da Juma'a kuwa an ɗauke maka muddin fita tana wahalar da kai, kuma hadisin Abu Musa a Buhari ya nuna ana rubuta wa maras lafiya ladan abin da yake yi lokacin yana lafiya.

Sallolin da suka wuce kashi biyu ne. Wadda lokacinta ya shiga har ya fita kana sume, babu ramuwa a mazhabarmu. Imam Malik ya ruwaito cewa Ibn Umar ya suma bai rama ba. Ta lokacin allurar barcin tiyata malamai sun saɓa, ni ina ganin ka rama, ba su da yawa. Amma kwanakin da kake a farke ka bari saboda kana ganin ba ka da tsarki, waɗannan bashi ne. Ka rama su a jere tun yanzu, a halin da kake ciki, ba sai ka warke ba.

Ƙarfen da ke cikin ƙafarka abu ne mai tsarki, kuma alwala da fatar waje take aiki, ba ruwanta da abin da ke manne da ƙashi. An yanke wa Arfajatu ɗan As'ad hanci a wani yaƙin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya, alhali zinariya haramun ce ga maza. Balle ƙarfen da ba a haramta wa kowa ba. Cire shi ko barinsa bayan ƙashi ya haɗe shawarar likita ce. Idan kuma ajali ya riski mutum yana ɗauke da shi, da shi ake binne shi. Ba a tsaga gawa don a ciro shi, domin Nana A'isha ta ruwaito cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye.

Wallahu a'alam.