'Ya'yan Aku Eklektus Sun Iso Gida, Sun Ƙi Ci Sun Ƙi Motsi

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Yau kwana huɗu da na sayo 'ya'yan aku guda biyu, irin waɗanda ake kira eklektus, namiji kore da mace ja. Mai kiwon ya ce watansu huɗu kuma an riga an yaye su. Tunda suka zo suna zaune wuri guda kamar an dasa su. Na cika musu kwano da tsaba da 'ya'yan itace iri-iri, amma ɗan taɓawa kawai suke yi. Da yamma namijin yakan yi wani kuka na naci yana gyaɗa kai sama da ƙasa. Ita kuwa macen, in na kai hannu sai ta kafe ni da ido, jiya ma har ta cije ni. Yarana sun matsa a fito musu da su. Lafiyarsu ƙalau kuwa? Kuma sai yaushe za su saba da mu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Sannu da ɗawainiya, sannu kuma da cizo, na san bakin eklektus ba ya wasa ko da na ƙarami ne. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina a saƙonki kukan namijin ne. Ɗan aku da ke gyaɗa kai yana wannan kukan, wani lokaci har da karkaɗa fiffike, ɗura yake roƙo, wato a ba shi a baki. Eklektus yakan bar gurbi yana da kamar mako 11 zuwa 12, sai dai barin gurbi daban, iya ciyar da kai daban. Wasu sukan gama yaye a wata huɗu, wasu sai sun kusa wata shida. Mai yiwuwa mai kiwon bai yi miki ƙarya ba: a wajensa tsuntsun yana ci da kansa, amma da aka sauya masa ɗaki da keji da fuskoki sai ya koma baya, kamar yaron da ya fara tafiya, jinya ta mayar da shi rarrafe. Saboda haka ki ajiye maganar sabo a gefe tukuna. Aikin makon nan shi ne ki tabbatar abinci yana shiga cikinsu.

Kada ki dogara da kwano wajen gane haka, domin kwano yana ruɗi. An taɓa kawo min wani ɗan aku da mai shi ya rantse yana ci, hujjarsa kwanon yana raguwa kullum. Da na kifar da tsuntsun a tafin hannuna na shafa ƙirjinsa, ƙashin tsakiya ya fito zayyan kamar kaifin wuƙa, naman gefe da gefe duk ya zube. Ashe fasa tsabar yake yi yana watsarwa, ba ya haɗiyewa. Gashi ya rufe ramar, kuma tsuntsu halittarsa ce ɓoye ciwo, don a daji wanda ya nuna rauni shi ake fara ɗauka. Labarin zuciya a tambayi fuska, amma labarin cikin tsuntsu sikeli ake tambaya.

Ki nemi ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram ɗaya-ɗaya. Ki ɗora kwano mai zurfi ko ɗan kwali a kai, ki mayar da lambar sifiri, sannan ki sa tsuntsun a ciki da tawul mai laushi. Da safe za ki yi, bayan ya yi kashin farko, kafin ya ci komai, kuma a lokaci guda kullum. Minti ɗaya ya isa, kuma a kwanakin nan wannan ne kaɗai dalilin da zai sa ki kama su. Irin da aka fi kiwo a gida nauyinsu yakan kama daga giram 350 zuwa 500, gwargwadon reshen da suka fito. Raguwar giram goma ko sha biyar a kwanakin farko ba ta tayar min da hankali. Abin da ba a jira a kansa shi ne raguwar kashi 10 cikin 100, misali mai giram 400 ya sauko 360, ko kuma lambar ta riƙa sauka kwana uku a jere ba tsayawa. A nan likita za ki nufa ranar.

Shaida ta biyu tana ƙasan keji. Ki shimfiɗa farar takarda, ki canza ta kowace safiya, ki duba kafin ki yar. Kashin tsuntsu abu uku ne a haɗe: ɗan curi kore ko ruwan ƙasa, farin abu kamar alli, da ruwa garai a kewaye. Ruwa-ruwa a kwanakin farko ba gudawa ba ce, fargaba da 'ya'yan itace suna kawo shi, kuma in sun ci jan tattasai ko rumman za ki ga launin ya fito. Wanda nake tsoro shi ne kashi ƙanana, kaɗan, mai duhun kore kamar baƙi, don wannan cikin da babu komai ne yake fitar da shi. Haka nan idan farin ya koma rawaya ko kore, ko kika ga tsaba ta fito yadda ta shiga.

Yau ɗin nan ki kira mai kiwon. Ki tambaye shi me yake ba su, ƙarfe nawa, a wane irin kwano, kuma wane garin ɗura ya yi amfani da shi. Abin da suka sani shi za ki ajiye musu, ko da ba shi ne mafi kyau ba. Gyaran abinci sai an natsu. Idan sikeli ya nuna namijin yana raguwa, a mayar masa da ɗura sau ɗaya da yamma. Ɗumin haɗin ya tsaya tsakanin digiri 39 da 41 a ma'aunin Salsiyos, kuma da ma'aunin zafi za ki auna, ba da yatsa ba. In ya fi haka zafi yana ƙona jakar abincin da ke gindin wuyansa, in ya yi sanyi kuma sai ya kwanta a ciki ya yi tsami. Ni ban yarda wanda bai taɓa yi ba ya ɗauki sirinji, domin kuskure kaɗan abincin ya bi hanyar numfashi, kuma wannan yana kisa. Ƙaramin cokali ya fi aminci, tsuntsun ne zai ja da kansa. Mafi kyau ma mai kiwon ko likita ya yi na farko a gabanki. Kusa da wannan, ki riƙa ajiye musu abinci mai laushi da ɗumi-ɗumi, kamar dafaffiyar kabewa ko karas ko dankali mai zaƙi da aka murje. Sau da yawa ɗumin ne ke buɗe musu baki. Bayan awa biyu ko uku ki kwashe abin da ya rage kafin ya lalace.

Ki kuma raba musu wurin ci, kwano biyu a kusurwa biyu, ruwa ma haka. Ina zargin macen tana da hannu a yunwar namijin, kuma ba mugunta ba ce, gado ne. Asalin tsuntsayen nan dazuzzukan Niyu Gini ne da tsibiran Solomon da tsibiran Maluku na Indunusiya, da yankin Cape York a arewacin Ostareliya. A can Cape York ɗin masanin dabbobi Robert Heinsohn da abokan aikinsa suka shafe shekaru suna bin su, suka ga mace takan tsare kogon bishiyarta har wata 11 a shekara, saboda kogo mai kyau wanda ruwa ba ya cikawa yana da wuyar samu, maza kuma su ne ke yawon nemo abinci suna kawo mata, wani lokaci maza da dama ga mace ɗaya. Jan launinta sanarwa ce cewa nan da mai shi, korensa kuma sutura ce a cikin ganye. Bambancin ya kai har masana na farko suka ɗauka tsuntsaye ne iri biyu. To, mai irin wannan asali in an haɗa ta keji ɗaya da namiji, ba sai ta yi faɗa ba, tsayuwa kawai za ta yi kusa da kwano shi kuma ya haƙura. In kin ga tana korarsa ko tana kai masa sara a ƙafa, ki raba su keji biyu kusa da juna, suna ganin juna suna jin juna.

Yanzu ga cizon. Ana cewa shiru ba tsoro ba ne, amma a wajen eklektus galibi tsoron ne. Wasu jinsunan aku in sun firgita sai ihu da bugun keji, shi wannan sandarewa yake yi yana kallo. Mutum sai ya ɗauka ladabi ne, ya miƙa hannu. Kafe ki da ido da ta yi gargaɗi ne, da gashin jiki a lafe, wataƙila da ƙwayar ido tana tsukewa tana buɗewa. Ta faɗa miki da yarenta, ba a ji ba, sai ta faɗa da baki. Kada a daka mata tsawa, kada a ɗalle mata baki, kada a girgiza keji. Duk wanda aka yi a cikin waɗannan sai ya mayar da ku baya da makonni.

Ki duba inda kejin yake. Gefe ɗaya ya jingina da bango, don tsuntsun da ake iya zagayowa ta bayansa ba ya sakin jiki. Sandar tsayawarsu ta kai kamar tsayin ƙirjinki. Ɗakin ya zama inda suke ganin mutanen gida daga ɗan nesa, ba mashigar da ake wucewa ana gogar keji ba. Su sami duhu da shiru na awa 10 zuwa 12 kowane dare. Kicin kuwa ko kusa. Tukunya ko kaskon da ba ya kamu, mai shafin Teflon, in ya yi zafi fiye da kima yana fitar da tururin da ke kashe tsuntsu cikin ɗan lokaci, mutum yana tsaye bai ji komai ba. Feshin maganin ƙwari, turare, hayaƙin taba da sabon fenti duk a jere suke. Kejin da aka yi da waya mai shafin tutiya ma haɗari ne, don aku yana gwaguyar ƙarfe. Ranar da za su fara fita kuma, a kashe fanka a rufe taga.

Sabo kuwa da zama ake samunsa. Ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Ki ja kujera kamar taku uku daga kejin, ki zauna ki ba su gefe, kada ki fuskance su, domin ido biyu a kafe kallon mai farauta ne. Ki yi aikin hannunki, ki yi musu magana ƙasa-ƙasa, ki ci ɗan mangwaro ko gwanda a gabansu. Tsuntsun garke ne, ganin ana ci yana sa shi ci. Alamar an fara samun kansu ita ce ki ga ɗaya yana gyaran gashi kina zaune, ko ya naɗe ƙafa ɗaya, ko da dare ki ji yana goga bakinsa yana ɗan ƙaras-ƙaras. Daga nan ki matso da kujera. Sai miƙa abin marmari ta tsakanin wayoyi, sai ta buɗaɗɗiyar ƙofa, sai hannu a ƙasan ƙirjinsa da kalma ɗaya da ba ta canzawa, kamar "hau". Wani yakan hau cikin mako guda, wani sai ya wuce wata, kuma ba lallai su biyun su tafi tare ba. Tunda suna da juna za su ɗan fi jinkiri a kan tsuntsu tilo, don haka kowanne a ba shi ɗan lokacinsa shi kaɗai.

Yaran a ba su aiki maimakon a ba su tsuntsu. Ɗaya ya riƙa rubuta lambar sikeli, ɗaya ya zauna ya yi karatunsa a bayyane kusa da keji. Ɗaya bayan ɗaya, ba gudu, ba zura yatsa.

In nauyi ya tsaya, bayan mako biyu ko uku, sai ki fara juya abincin a hankali. Tsaba ba ita ce abincin eklektus ba. A daji 'ya'yan itace da furanni da toho ne yawancin cimarsa, kuma tsaba mai maiƙo tana sa shi ƙiba ga ƙarancin bitamin A. Mafi yawan kwanon ya zama ganye da kayan lambu da 'ya'yan itace, musamman masu launin ja da ruwan lemo, da ɗan dafaffen wake da hatsi, tsaba ta koma ta lada. Kada ki zuba musu bitamin a ruwa sai likita ya ce, kuma ki guji dunƙulen abincin kanti mai launi-launi. Masu kiwon wannan tsuntsu sun daɗe suna alaƙanta su da wata matsala da yatsun ƙafa ke buɗewa suna rufewa da kansu, fiffike kuma yana zabura. Afokado, cakulan, kofi, shayi, albasa da abinci mai gishiri kada su kusanci bakinsu. Daga mako na biyu ki gwada yi musu yayyafin ruwa mai ɗumi da kwalbar feshi, ki harba sama ya sauko musu kamar ruwan sama, da hantsi don su bushe kafin dare.

Ko da komai ya daidaita, ina so likitan da ya san tsuntsaye ya gan su cikin makon nan. A gwada kashinsu, a yi gwajin cutar baki da gashi da ake kira PBFD, da zazzaɓin aku, wanda mutum ma yana ɗauka ta ƙurar busasshen kashi, shi ya sa wanke hannu bayan sharar keji dole ne. In kina da wasu tsuntsayen a gida, waɗannan su zauna ɗaki daban kwana 30 zuwa 45. Amma in kika ga ɗaya ya kumbura gashi yana barci da rana, ko ya sauko ƙasan keji ya zauna, ko jelarsa tana bugawa tare da numfashi, wannan ba na jiran gobe ba ne. In kin kira mai kiwon ki karɓi ranar ƙyanƙyasarsu da takardunsu, tunda eklektus yana cikin rukuni na biyu na CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da ke sa ido kan cinikin namun daji, ki kuma tambaya ko uwa ɗaya uba ɗaya suke. Mace ƙwai biyu take yi, saboda haka ba abin mamaki ba ne a sayar da wa da ƙanwa tare, kuma nan da shekara biyu zuwa uku za su balaga. Duhu-duhun da za ki gani a bakin namijin yanzu na ƙuruciya ne, zai washe ya koma ruwan lemo da rawaya wajen shekara guda. Ranar zuwa asibitin ki tafi da takardar nauyin da kuka rubuta, da takardar ƙasan keji ta wannan safiyar.