Da gaske ne sojojin Amurka sun ƙirƙiro wasan kwamfuta don neman kurata?

Tambaya: Ɗana ɗan shekara 15 ba ya rabuwa da wasannin yaƙi na kwamfuta, irin waɗanda ake haɗa 'yan ƙungiya a kai farmaki tare. Wani abokina ya ce sojojin Amurka ne ke yin su don jan matasa aikin soja. Gaskiya ne? Kuma ana koyon yaƙi da su?

Amsa: Malam, maganar abokinka tana da tushe, sai dai ba duka wasannin ba ne. Mafi yawansu, kamar Call of Duty, na kamfanonin kasuwa ne. Amma akwai wanda rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta yi da kuɗinta, sunansa America's Army.

Tun 1973 Amurka ta daina tilasta wa matasa shiga soja, don haka dole ta riƙa zawarcinsu. A 1999 ta kasa samun adadin kuratan da take nema. Wani Kanal Casey Wardynski ya kawo shawarar a bi matasa inda suke, wato gaban kwamfuta. Aka gina wasan a wata makarantar sojan ruwa da ke Monterey a jihar Kalifoniya, aka sake shi kyauta ranar 4 ga Yuli, 2002, ranar bikin 'yancin ƙasar.

Lokacin da wasan ke aiki, ba a ba ka bindiga ka faɗa fage kai tsaye. Sai ka fara cin horon farko, ka yi harbin bara, ka saurari darasi in kana son zama mai ba da agajin gaggawa. In ka harbi ɗan ƙungiyarku, sai ka tsinci kanka a ɗakin kurkukun soja na Leavenworth. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: ƙungiyoyi biyu ne ke karawa ta intanet, amma kowacce tana ganin kanta a kakin Amurka, tana ganin ɗayar a matsayin abokan gaba. Babu yaron da zai taɓa ganin kansa yana harbin sojan Amurka a matsayin maƙiyi. Wannan talla ce, an kuwa tsara ta da basira. An rufe wasan a watan Mayun 2022.

Horarwa kuma wani abu ne daban. Full Spectrum Warrior, wanda ya fito kasuwa a 2004, asalinsa an yi shi ne don soja. A cikinsa ba ka harbi da hannunka. Kai ne jagoran ƙananan ƙungiyoyi biyu masu mutum huɗu-huɗu: ɗaya ta yi ta ɓarin wuta don abokan gaba su kasa ɗaga kai, ɗayar ta tsallaka titi ta laɓe bayan katanga, sannan su yi musanya. Manhajar da rundunoni da dama suka fi dogara da ita ita ce VBS, inda ake maimaita rakiyar ayarin motoci ko kwanton ɓauna sau da yawa ba tare da ƙona mai ko harsashi ba, daga baya malami ya mayar da hoton ya nuna wa kowa inda ya yi kuskure.

To, a ganina abin da ake koya ke nan: tsari, ba da umarni, da saurin yanke shawara. Nauyin kaya a baya, ƙishirwa, da rawar jiki idan harsashi ya wuce kusa da kunne, allo ba ya koyar da su.

Game da ɗanka, kwantar da hankalinka. Sojan Amurka ba ya ɗaukar wanda bai kai shekara 17 ba, kuma sai ɗan ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin. Abin da zan roƙe ka shi ne ka zauna kusa da shi wata rana yana wasa, ka ji su wa yake magana da su ta abin kunnen nan, don galibi baƙi ne da bai taɓa gani ba.