Tsohuwar a-kori-kura na ɗigar da mai, an rasa daga ina

Wani manomin rani da ke zaune a Na'ibawa, gonarsa kuma tana Kadawa, ya aiko da wannan tambaya: "Malam, ina da tsohuwar Hilux da nake ɗauko tumatir da albasa da ita zuwa Yankaba. Kullum da safe sai in tarar da tabon mai a ƙasa, daidai tayar baya ta dama. An canza sil, wato robar da ke tare mai, an sake canzawa, ba ta daina ba. Yanzu bakanike ya ce a sauke aksil ɗin gaba ɗaya. In yarda?"

Alhaji, dakata tukuna, kada ka fitar da ko kwabo. A wajen tayar baya mai iri biyu ne ke iya zuba, kuma sai ka san wanne ne kafin a taɓa sifana. Akwai man giya na cikin aksil, akwai man birki. Lakato shi da yatsa ka sansana. Man giya yana da kauri da danƙo, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Man birki ba shi da wannan kaurin, sai santsi. In hancinka bai raba maka gardama ba, ɗiga shi a kofin ruwa. Man giya zai taso sama ya tsaya, man birki kuwa zai gauraye da ruwan ya ɓace. Sannan ka ɗaga bonet ka duba robar man birki, ka ga ko yana raguwa.

In man birki ne, to galibi robar silindar birkin wannan tayar ce ta mutu, kuma motar ba ta sake hawa titin Zariya da lodi sai an gyara. Ba na sassauci a wannan. Gara ka biya kuɗin mota a kai maka kwandunanka yau, da ka taka birki a Kwanar Dawaki ƙafarka ta tafi ƙasa.

Amma tunda ka ce sil ake ta canzawa, zatona ya fi ƙarfi a kan man giya, kuma ina zargin wani ɗan ƙaramin abu da ba a cika kula shi ba. A saman aksil akwai mashaƙar iska, wani ɗan noti mai hula da ke motsi in ka taɓa shi. Aksil yana ɗaukar zafi in mota na tafiya, iskar ciki ta kumbura, ta nan take fita. Motar da ke shiga fadama da rani, ta sha ƙurar hunturu, ta sha taɓon damina, sai wannan kafa ta toshe. Da zarar ta toshe, iskar ba ta da mafita sai ta tura mai ta bakin sil. Ko sabon sil na kamfani ka sa, haka zai yi. A kwance ta, a wanke da kalanzir, a busa a ga iska na wucewa. Aikin bai kai a ce an yi aiki ba, shi ya sa wasu masu gyara ba sa ambatarsa.

Sai abu biyu kuma. Wasu na cika aksil da mai har ya wuce kima, alhali iyakarsa bakin kafar da ake zuba shi. Sannan a ɗaga motar da jak, a kama tayar a girgiza. In tana wasa, boris, wato ƙarfen da tayar ke juyawa a kansa, ya ci, kuma boris mai wasa shi ke cinye sil. Nan fa, Alhaji, laifin namu ne na manoma: motar da aka yi wa kamar tan 1, mu jibga mata buhu 20 na masara, ga yara a sama. Duk wanda aka samu a cikin waɗannan, gyaransa bai kai sauke aksil ba. Kuma in mai ya riga ya jiƙa takalmin birki, a canza shi, dama da hagu tare. Wanke shi da fetur ko ƙona shi da wuta ba ya dawo da kamunsa.

Tambaya ta biyu daga wani mai Fijo 504 a Kurna, wanda ke jigilar hatsi daga Dawanau. Ya ce injin nasa ya yi baƙi ƙirin da mai tun daga sama har ƙasa, kowane bakanike da abin da yake nunawa, shi kuma kowane mako sai ya ƙara baƙin mai.

Ɗan'uwa, babu wanda zai gano yoyo a injin da datti ya rufe, duk wanda ya nuna maka wuri canka ya yi. Ka jira injin ya huce, a rufe kafireto da kayan wuta da leda, a wanke shi tas da kalanzir da omo, a bar shi ya bushe. Daga nan ka barbaɗa hodar jarirai ko toka mai laushi a duk inda ake zargi, ka tayar da motar na kamar minti 15, ka haska da tocila. Mai zai zana layi a cikin hodar. Bi layin nan zuwa sama, inda ya ƙare nan ne bakin yoyon. Mai ƙasa yake gangarawa, iskar tafiya kuma tana kora shi baya, don haka inda yake ɗiga ba kasafai yake zama inda ya fito ba.

Da dare kuma ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta a wuri mai daidai, ka yi alamar inda tayoyin gaba suke, da safe ka ga inda tabon ya faɗa da launinsa. Baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, baƙin mai ne. Ja, galibi man sitiyari ne ga motar da ke da fawa.

A fara da masu araha: gaskit ɗin murfin saman inji, filtar mai da ba ta ɗauru ba, washar notin da ake juye mai, da ɗan sinsan mai da wayarsa ke kunna fitila a gaban direba. Wannan na ƙarshen yana yaudarar mutane sosai, don mai yana bin jikin inji ya taru a mahaɗar inji da giyabos, sai a ce maka sil ɗin baya ne, a sauke giya a banza. Kada ka yarda da sauke giya sai hoda ta wanke duk na sama. In kuma ka ga inji na fitar da mai ta ko'ina lokaci ɗaya, a duba tiyon da inji ke numfashi ta cikinsa, shi ma yana toshewa. In za ka Ƙofar Ruwa sayen gaskit ko sil, tafi da tsohon a hannunka.

Wani kuma daga Hotoro ya ce kullum sai ya ƙara ruwa a lagireto, amma bai taɓa ganin ɗigo a ƙasa ba.

Ƙaramin yoyo kan faɗa kan inji mai zafi ya ƙafe kafin ya kai ƙasa, balle a watan Afrilu da zafin Kano ke haura digiri 40. Nemi sawunsa: fari-fari ko jan tsatsa a bakin tiyo, a jikin lagireto, ko ƙarƙashin famfon ruwa, inda akwai 'yar kafa da ke fara hawaye in famfon ya kusa mutuwa. Duba murfin lagireto ma. Shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100, in robarsa ta tsage ruwan zai riƙa tafiya a tururi. In duk waɗannan lafiya suke, zaro sandar duba mai. Ka ga mai ya koma launin shayi mai madara, ko farin hayaƙi na fita ta salansa bayan inji ya yi zafi, to gaskit ɗin kan silinda ya ƙone, ruwan cikin inji yake shiga. Kashe ta. Kada ka buɗe lagireto da zafi, kuma ka rabu da masu cewa a fasa ƙwai ko a zuba garin barkono, yoyon zai tsaya kwana biyu, lagireton ya toshe. Masu zuba koren ruwa ko ja na kanti su kula: yana da zaƙi kuma guba ne, kada a bar shi a ƙasa inda awaki da kaji da yara ke yawo.

Ta ƙarshe daga wata Hajiya mai gona a hanyar Gwarzo. Direbanta ya ga wani ruwa fari na ɗiga daga ƙarƙashin bodi, an duba mai da ruwa da birki duk a cike.

Hajiya, in komai a cike yake, a duba kayan da aka ɗauka. Jarkar fetur ɗin injin ban-ruwa, famfon feshi da aka bar saura a ciki, ruwan tumatir da ya fashe, duk suna bin kafofin bodi su ɗiga. In warin fetur ne kuma babu jarka, a duba tanki da tiyonsa nan take, kada a kunna ashana kusa. Amma a lokacin damina na fi zargin takin zamani. Yuriya tana jan danshi daga iska, wadda ta zube a bodi sai ta narke ta riƙa ɗiga. Ɗigon ba daga motar yake ba, sai dai yana cin ƙarfe, kuma a ƙarƙashin bodin nan bututun birki da na fetur suka bi. A riƙa shimfiɗa tamfol kafin a loda taki, a wanke bodin da ruwa ranar da aka sauke, sannan a sa bakanike ya shiga ƙarƙashi ya bi bututun birkin da hannu tun daga gaba har baya, duk inda ya yi tsatsa a canza shi.