Shin manyan kamfanoni na iya danne dimokuraɗiyya?

Malam, ka tambaya ko ƙarfin manyan kamfanoni barazana ne ga dimokuraɗiyya. A ganina eh, matuƙar babu mai taka musu birki.

Kamfani ba ya kaɗa ƙuri'a, amma yana da kuɗin da zai sa ɗan majalisa ya saurare shi kafin talakan da ya zaɓe shi. Dubi Amurka. A 2010 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Citizens United cewa gwamnati ba za ta ƙayyade abin da kamfanoni ke kashewa kan tallan siyasa ba, muddin ba su haɗa baki da ɗan takara ba.

Batun hukunci kuwa, nan gizo ke saƙa. A 2019 an ci tarar Facebook dala biliyan 5 saboda sakaci da bayanan jama'a, bayan badaƙalar Cambridge Analytica, kamfanin da ya kwashi bayanan masu amfani da Facebook ba da izininsu ba don harkar siyasa. Kuɗi ne masu yawa, amma a wannan shekarar kuɗin shigar kamfanin sun haura dala biliyan 70. Irin wannan tara sai kamfani ya lissafa ta cikin kuɗin gudanarwa kawai. Abin da ke girgiza su shi ne rarraba kamfani, kamar yadda kotu ta raba kamfanin man fetur na Amurka, Standard Oil, gida 34 a 1911.