Amsa ga sojan da ke son karanta lauya bayan ya ajiye kaki

Ɗan'uwa, ka ce kana bakin daga a Borno, kana son karanta lauya idan ka bar aiki, amma kana ganin shekaru sun ja. Shekaru ba za su hana ka ba. Daniel Inouye na Amurka ya rasa hannun dama a Italiya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, ya dawo ya kammala karatun lauya a 1952, daga baya ya zama sanata.

Abin da zan ja maka kunne a kai shi ne takardu. Duba sakamakon WAEC ɗinka tun yanzu: ana neman kiredit biyar, ciki har da Turanci da Adabin Turanci. Wannan adabin ne ke kayar da mutane da yawa, in ba ka da shi sai ka sake zama. Karatun lauya a jami'a ta JAMB shekara 5 ne, da difloma ko digiri kuwa 4. Sai shekara guda a Makarantar Lauyoyi, akwai reshenta a Bagauda ta Kano da kuma Yola.

Kada ka yarda da karatun wucin gadi na ƙarshen mako, don Makarantar Lauyoyi ba ta maraba da shi. Kuma ka fara tara kuɗin makaranta, fansho kan yi jinkiri. Allah Ya tsare ku.